Tambaya: Da gaske ne Olivier Messiaen ya tsara kiɗansa a sansanin fursunonin yaƙi na Jamus?

Ɗan Kamba ya rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da malamaina na wannan zaure. Ni ɗalibi ne mai karatun Faransanci, kuma a cikin darasin al'adun Faransa aka ambata mana wani mai tsara kiɗa, Olivier Messiaen, wanda aka ce Jamusawa sun kama shi a lokacin Yaƙin Hitila, suka tsare shi a sansanin fursunoni, kuma wai a can ya rubuta kiɗan da ya fi shahara da shi, har aka kaɗa shi a gaban mutum 5,000 cikin tsananin sanyi, da goge mai tsirkiya uku kacal. Labarin ya yi mini daɗi ƙwarai, kuma daɗin nasa ne ya sa na fara shakka, domin ban ga yadda mutanen da aka sani da rashin imani za su ba fursuna takarda da kayan kiɗa su zauna su saurare shi ba.

Ina roƙon wanda ya san tarihin ya warware mini gaskiyar abin. Na kuma nemi kiɗan na saurara a waya, amma ban sami inda mutum zai kaɗa ƙafa ko ya gyaɗa kai ba, don haka ina son a yi mini bayanin abin da yake nufi. Sannan idan an sake shi a 1941 kamar yadda aka gaya mana, me ya yi a sauran shekarun yaƙin, tunda Faransa tana hannun Jamusawa har 1944? Na gode.

Malam Na-Argungu ya rubuta:

Wa'alaikumus salam, Ɗan Kamba. Shakkarka tana kan hanya. Tushen labarin gaskiya ne, sai dai an ƙara masa gishiri, kuma mafi yawan gishirin daga bakin Messiaen kansa ya fito.

An haife shi a garin Avignon da ke kudancin Faransa ranar 10 ga Disamba 1908. Mahaifinsa malamin Ingilishi ne, mahaifiyarsa kuma, Cécile Sauvage, marubuciyar waƙoƙi ce. Yaƙin duniya na farko ya same shi yana yaro, aka ɗauki mahaifinsa soja, uwar ta koma da 'ya'yanta Grenoble. A 1919 ya shiga babbar makarantar kiɗa ta Faris, a 1931 kuma, yana ɗan shekara 22, aka ba shi aikin kaɗa ogan, wato babban abin kiɗan coci mai maɓallai da bututun iska, a cocin La Trinité, aikin da ya riƙe har mutuwarsa a 1992. Ya auri wata makaɗiyar goge, Claire Delbos, a 1932, suka sami ɗa a 1937. Ke nan sa'ad da yaƙi ya ɓarke a Satumbar 1939, magidanci ne ɗan shekara 30, sananne a tsakanin masana kiɗa na Faris, amma sunansa bai kai ko'ina ba tukuna.

Ka lura da wani abu tun daga nan, domin shi ne zai sa ka gane yadda aiki irin wannan ya yiwu a tsare. A wurinmu makaɗi shi ne mai ƙirƙirar waƙarsa, shi ne mai rera ta, 'yan amshi da makaɗansa suna biye da shi. A al'adar da Messiaen ya tashi a ciki, mai tsara kiɗa yana zama ne da takarda da fensir ya rubuta kowane sauti da tsawonsa da ƙarfinsa, sannan ya miƙa wa wasu su kaɗa. Wanda ya ƙware yana jin kiɗan a cikin kansa ba tare da ya taɓa komai ba. Abin da yake bukata kawai shi ne takarda da wurin da ba hayaniya.

An kira shi soja, amma saboda raunin idonsa ba a ba shi aikin faɗa ba, sai aka sa shi cikin masu taimaka wa likitocin soja. A Verdun ya haɗu da mutum biyu da za su shiga labarin: Étienne Pasquier, mai kaɗa selo, wato babban gogen Turawa da ake jinginawa tsakanin gwiwoyi, da Henri Akoka, Bayahude haifaffen Aljeriya, mai busa kilarinet, wadda dangin sarewa ce mai bakin kara. Jamus ta afka wa Faransa ranar 10 ga Mayu 1940, Faris ta faɗi ranar 14 ga Yuni, aka sa hannu a yarjejeniyar tsagaita wuta ranar 22 ga Yuni, kuma sojojin Faransa kimanin miliyan 1.8 suka faɗa hannun Jamusawa. Su ukun suna cikinsu. An fara tara su a wani fili a yankin Nancy, babu rufi babu shimfiɗa, kuma a wannan filin Akoka, wanda bai rabu da kilarinet ɗinsa ba, ya fara gwada busa wani sashe da Messiaen ya rubuta masa, Pasquier yana riƙe masa takardar. Daga nan aka loda su a jirgin ƙasa zuwa sansanin Stalag VIII-A da ke Görlitz, can gabashin Jamus ta wancan lokaci. Yau wurin yana cikin ƙasar Foland, a garin Zgorzelec, a ƙetaren kogin Neisse. A sansanin suka tarar da na huɗunsu, Jean Le Boulaire, mai kaɗa ƙaramin goge.

Game da dalilin da ya sa Jamusawa suka yarda, sai ka bambanta sansanin fursunonin yaƙi da sansanonin da aka gina don hallaka Yahudawa. Jamus da Faransa duk sun sa hannu a yarjejeniyar Janeba ta 1929, wadda ta tanadi yadda za a riƙe sojan da aka kama, har ma ta ce a ƙarfafa musu gwiwa wajen karatu da wasanni. Jamusawa sun bi wannan gwargwadon yadda ya dace da bukatarsu a kan Faransawa da Ingilishi, domin su ma suna son duniya ta ga alamar suna kyautatawa. Shi ya sa aka sami ɗakin karatu da zauren wasan kwaikwayo a sansanin. Wannan bai hana yunwa da sanyi da ƙwarƙwata ba, kuma yawancin fursunoni ma ba a cikin sansanin suke wuni ba, ana tura su aikin gona da masana'antu. Sojojin Tarayyar Sobiyat da aka kawo wannan sansanin daga baya ba su ga ko ƙyallin wannan sassauci ba, da yawansu a can suka mutu. Ban da haka akwai wani mai gadi, Karl-Albert Brüll, lauya ne kafin yaƙi kuma yana jin Faransanci, shi ne ya riƙa samo wa Messiaen takarda da fensir, ya ɗauke masa aikin ƙarfi, ya samar masa wurin da zai zauna shi kaɗai ya yi rubutu.

Ranar 15 ga Janairu 1941 aka kaɗa aikin, wato kiɗan mutum huɗu mai sassa takwas da ake kira Quatuor pour la fin du Temps, a zauren wasan kwaikwayon sansanin, wanda ɗakin katako ne. Hafsoshin Jamus suna layin gaba, fursunoni a bayansu, an ɗauko wasu majiyyata a kan gadajensu. Messiaen ne a kan wani tsohon fiyano da wasu maɓallansa suke maƙalewa idan an danna. Har nan duk shaidu sun yi daidai. Inda aka rabu shi ne yawan jama'a da maganar tsirkiya. Zauren ba ya ɗaukar fiye da 'yan ɗaruruwa, kuma abin da masu bincike suka tsaya a kai shi ne kimanin mutum 400. Wata 'yar Amurka mai suna Rebecca Rischin, ita ma mai busa kilarinet ce, ta sami Pasquier da Le Boulaire da ransu a shekarun 1990 ta yi hira da su, bincikenta ya fito a 2003. Pasquier ya tabbatar mata cewa selonsa tsirkiya huɗu gare shi cif, kuma da uku ne da ba zai iya kaɗa abin da aka rubuta ba. Shi da kansa aka raka cikin garin Görlitz ya saye shi da kuɗin da fursunoni suka tara.

Haka ma cewa a sansani ya rubuta kiɗan duka, rabin gaskiya ce. Sashen kilarinet ya riga ya fara shi kafin a kai su Görlitz, sashe na biyar daga wani aikinsa na 1937 ya ɗauko shi, na takwas kuma daga wani kiɗan ogan da ya yi a 1930. A ganina wannan bai rage masa komai ba, domin daga ƙwaƙwalwarsa ya sake fito da su ya gyara su don kayan kiɗan da Allah ya haɗa shi da su a wurin. Amma mutumin da ya yi shekara hamsin ana tambayarsa labari ɗaya, dole labarin ya yi ƙiba a bakinsa.

Dattijon Zuru ya rubuta:

Sannu da ƙoƙari, Malam Na-Argungu, ka gama da tarihi. Ɗana na Kamba, bari in ɗauki tambayarka ta biyu, tunda na daɗe ina koyar da mawaƙan coci kuma littafin da kiɗan ya dogara a kai littafinmu ne.

Sunan aikin Quatuor pour la fin du Temps, wato kiɗan mutum huɗu domin ƙarshen zamani. Mutane da yawa suna ɗauka cewa yana maganar wahalar kurkuku ne ko ƙarshen Faransa, amma Messiaen ya sha faɗa cewa ba wannan ne a ransa ba. Shi cikakken ɗan Katolika ne tun yana yaro, kuma abin da ya ɗora a farkon takardar kiɗan daga Wahayin Yahaya ne, sura ta 10, inda aka ga wani ƙaƙƙarfan mala'ika yana saukowa daga sama lulluɓe da gajimare, da bakan gizo a kansa, ya sa ƙafarsa ta dama a kan teku, ta hagu a kan ƙasa, ya ɗaga hannu ya rantse cewa lokaci ya ƙare. Sassan kiɗan takwas ne, kuma shi da kansa ya bayyana dalili: kwana shida na halitta, na bakwai ranar hutu, na takwas kuma madawwamin zama wanda babu dare babu rana a cikinsa. Ana ɗaukar kimanin minti 50 kafin a kaɗa shi duka.

Rashin wurin kaɗa ƙafa da ka lura da shi, da gangan ya yi shi, kuma shi ne zuciyar aikin. Kunnenmu ya saba da kiɗan da bugunsa yake dawowa a kan ƙa'ida, ko kalangu ne ko ganga ko badujalar soja, har jiki ya san inda bugu na gaba zai faɗo. Messiaen yana ganin cewa irin wannan bugun shi ne yake tuna wa mutum tafiyar lokaci, don haka wanda yake son ya nuna inda lokaci ya ƙare sai ya fara rushe shi. Yana yin haka ta hanyoyi da dama. Wani lokaci sai ya ƙara ɗan guntun sauti a cikin jimlar kiɗa, yadda ƙafarka za ta sauka kafin bugun ya iso. Wani lokaci sai ya tsara tsawon sautukan yadda ko daga gaba ka karanta su ko daga baya duk ɗaya ne, ba su da fuska ba su da ƙeya. Ya koyi abubuwa da yawa daga tsarin bugun kiɗan Indiya, musamman jerin salo 120 da wani masaninsu, Sharngadeva, ya tattara a ƙarni na 13.

Sashe na farko shi ne ya fi nuna wannan, kuma ya cancanci ka tsaya a kansa. A hannun mai fiyano akwai jerin dunƙulen sauti 29 da suke zagayowa, akwai kuma jerin tsawon bugu 17 da su ma suke zagayowa, kowanne da tafiyarsa. Tunda babu wata lamba, ban da 1, da take raba 17 da 29 duka biyu ba saura, duk sa'ad da jerin bugu ya koma farko sai ya tarar da jerin sauti a wani wuri dabam. Ka duba yadda watan azumi yake zagaya shekarar Bature, bana ya faɗo cikin zafi, bayan wasu shekaru cikin damina, sannan cikin hunturu, ba ya komawa inda ya fara sai bayan shekara talatin da 'yan kai. Su waɗannan jerin biyu sai an danna sauti 493 kafin su sake haɗuwa a mafarinsu, sashen kuwa ya ƙare tun ba a yi nisa ba. Abin da ake ba ka ka ji yanki ne kawai na wani abu da ya riga ka farawa kuma ba za ka ga ƙarshensa ba. A bisa wannan kilarinet da ƙaramin goge suna kwaikwayon kukan tsuntsaye biyu na ƙasarsu, irin kukan da suke yi tsakanin ƙarfe uku da huɗu na asuba. Wannan shi ne farkon shigar da kukan tsuntsaye na ainihi cikin aikinsa da gaske, abin da daga baya ya zama sana'arsa ta biyu, har ya riƙa yawo dazuzzukan duniya da takarda yana rubuta kukansu.

Wani abin da zai ba ka mamaki shi ne, a cikin sassa takwas, huɗu ne kawai duka makaɗan suke kiɗa tare. Na uku kilarinet ce ita kaɗai, na huɗu babu fiyano, na biyar selo ne da fiyano, na takwas ƙaramin goge da fiyano. Waɗannan biyun na ƙarshe yabon Yesu ne, kuma an rubuta a kaɗa su a hankali ƙwarai, har makaɗa suna kokawa cewa sandar goge tana ƙarewa kafin sautin ya ƙare. Ba sai mutum ya yi imani da abin da Messiaen ya yi imani da shi ba kafin ya ji nauyinsu. A cikin makaɗan nan huɗu ma shi kaɗai ne mai riƙo da ibadar Katolika sosai, kuma Akoka Bayahude ne mai ra'ayin gurguzu.

Hajiya 'Yar Yauri ta rubuta:

Assalamu alaikum. Malam da Baba na Zuru, Allah ya saka da alheri, amma na ga ku biyun kun tsallake tambayar yaron nan ta uku, alhali ita ce mai ƙashi. Ɗana, ga abin da ya faru bayan an tashi daga zauren katako.

'Yan makonni bayan wasan aka saki Messiaen da Pasquier, da taimakon takardun da Brüll ya shirya musu, waɗanda suka nuna su a matsayin ma'aikatan jinya da ba su ɗauki makami ba. Akoka bai samu shiga wannan sahu ba. Sai da ya yi ta ƙoƙarin gudu, a ƙarshe ya diro daga jirgin ƙasa yana cikin tafiya, da kilarinet ɗinsa a hannu, ya lallaɓa ya kai kudancin Faransa. Shi ya tsira, amma an kama mahaifinsa an kai shi Auschwitz, ɗaya daga cikin sansanonin hallaka Yahudawa, bai dawo ba. Le Boulaire ya ƙara watanni a tsare, da ya fito kuma ya ajiye goge ya koma wasan kwaikwayo da sunan Jean Lanier. Su huɗun ba su sake kaɗa wannan kiɗa tare ba. Da aka gabatar da shi a Faris ranar 24 ga Yuni 1941, wasu ne suka riƙe kilarinet da ƙaramin goge.

Shi kuwa Messiaen, da ya dawo sai ya fara biyawa ta Vichy, inda gwamnatin Marshal Pétain mai haɗa kai da Jamusawa take zaune, ya yi ɗan aiki da wata ƙungiyar al'adu da gwamnatin take ɗaukar nauyi, har ya rubuta waƙoƙin bikin tunawa da Jeanne d'Arc, jarumar tarihin Faransa, na Mayun 1941. A wannan shekarar aka naɗa shi malamin ilimin haɗa sautuka a babbar makarantar kiɗa ta Faris. Kujerar da ya hau ta André Bloch ce, wanda aka raba da aikinsa saboda dokar da gwamnatin Vichy ta kafa a Oktoban 1940 ta hana Yahudawa aikin koyarwa da sauran ayyukan gwamnati. Daga wannan kujera duk ɗaukakarsa ta malanta ta taso. A cikin ajinsa na farko ya haɗu da Yvonne Loriod, makaɗiyar fiyano da ya rubuta wa manyan ayyukansa kuma ya aura a 1961 bayan rasuwar matarsa ta fari. Pierre Boulez ma, wanda daga baya ya zama shahararren mai tsara kiɗa, a 1944 ya zo wurinsa. A shekarun da ake kwasar Yahudawan Faris ana zubawa a jiragen ƙasa, shi yana cikin mafi yawan aikinsa: Visions de l'Amen a 1943, littafinsa na bayanin salon kiɗansa a 1944, da Vingt regards sur l'Enfant-Jésus, wanda yake kan rubutawa sa'ad da aka 'yantar da Faris a Agustan 1944.

Ban ce ɗan koren Jamusawa ba ne, domin babu hujjar haka. Abin da na ce shi ne, wasu abokan sana'arsa sun zaɓi wata hanya. Elsa Barraine da Roger Désormière da Louis Durey sun kafa ƙungiyar sirri ta makaɗa masu turjiya ga mamayar Jamusawa a 1941, Francis Poulenc ya shiga, Messiaen bai shiga ba. Jehan Alain, shi ma makaɗin ogan ne mai tsara kiɗa, ya mutu a fagen daga kusa da Saumur a Yunin 1940 yana ɗan shekara 29. Darius Milhaud, saboda Bayahude ne, sai gudun hijira ya yi zuwa Amurka. Idan za a ba ɗalibai labarin fensir da mai gadi mai tausayi, to a haɗa musu da labarin kujera.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye, musamman kai da kake zaune a bakin iyaka. A cikin fursunonin 1940 akwai dubban sojojin Afirka da ake kira 'yan Sanigal, alhali daga duk ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa take mulka aka kwaso su, har da Nijar. Jamusawa sun kashe wasunsu bayan sun miƙa wuya, kamar yadda aka yi a Chasselay kusa da Lyon a Yunin 1940, sauran kuma ba a so su zauna a ƙasar Jamus saboda launin fatarsu, sai aka tsare yawancinsu a sansanonin cikin Faransa. Léopold Senghor, wanda ya zama shugaban Sanigal, yana cikinsu, kuma shi ma a tsare ya rubuta waƙoƙi. Waɗanda aka mayar gida suka nemi haƙƙinsu a barikin Thiaroye kusa da Dakar, sojojin Faransa ne suka buɗe musu wuta ranar 1 ga Disamba 1944. Sassaucin da Malam ya yi bayani ba kowane fursuna ya shafa ba, ko da tuta ɗaya suka yi wa yaƙi.

Malam Na-Argungu ya rubuta:

Hajiya, duk abin da kika kawo haka yake, kuma maganar sojojin Afirka ta dace da wannan zaure, tunda daga 1940 zuwa ƙarshen 1942 Nijar tana bin gwamnatin Vichy ne, wato iyakar da ke tsakanin Kamba da Gaya ta zama iyakar ɓangarori biyu na yaƙin. Inda zan ɗan saɓa miki shi ne nauyin da kika ɗora wa maganar kujera.

Ba Messiaen ya kori André Bloch ba, kuma lokacin da aka fitar da dokar shi yana Görlitz yana fama da ƙwarƙwata. An ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, kuma ina ganin abin da ake yi masa ke nan. Mutum ne da ya dawo daga tsare a rame, da mata da ƙaramin yaro, ba shi da wata sana'a sai kiɗa da koyarwa. Da ya ƙi kujerar, ba Bloch za a mayar wa ba, wani za a ba. Sannan a duba wanda ya yi aiki a ƙarƙashinsa. Claude Delvincourt, wanda ya karɓi shugabancin makarantar a 1941, yana cikin masu turjiya, kuma da aka kafa dokar tura samarin Faransa aikin dole a Jamus a 1943, shi ne ya kafa wa ɗalibansa ƙungiyar makaɗa don ya sami hujjar riƙe su a gida. Zama cikin makarantar bai zama alamar goyon bayan mamaya ba.

Akwai ma'aunin da Faransawa da kansu suka yi amfani da shi bayan yaƙi, lokacin da aka kafa kwamitocin bin diddigin masu fasaha. A ƙarshen 1941 Jamusawa sun gayyaci manyan makaɗan Faransa zuwa birnin Biyana bikin cika shekara 150 da mutuwar Mozart, shahararren mai tsara kiɗa, wasu kamar Florent Schmitt suka je, kuma an riƙe musu wannan daga baya. Messiaen ba ya cikin tawagar. Désormière ɗin da kika ambata cikin shugabannin turjiya, shi ne ya jagoranci makaɗa ranar da aka fara gabatar da Trois petites liturgies na Messiaen a Afrilun 1945, kuma a wannan shekarar gidan rediyon Faransa shi ya ba aikin tsara waƙar tunawa da waɗanda aka kwashe zuwa sansanonin Jamus. Mutanen da suka san wanda ya yi me a wancan lokaci ba su ƙaurace masa ba. Rigimar da ta taso masa a jaridun 1945 ma a kan salon kiɗansa ne da dogayen bayanan addini da yake haɗa su da shi.

Hajiya 'Yar Yauri ta rubuta:

Malam, na yarda ba shi ya kore shi ba, na kuma yarda kwamiti bai same shi da laifi ba. Amma tsira daga kwamiti abu ne dabam da wankewa a idon mai karanta tarihi, domin kwamiti abin da mutum ya aikata yake tambaya, ba ya tambayar abin da ya gani ya kau da kai. Hujjar cewa in bai karɓa ba wani zai karɓa, ita ce hujjar duk wanda ya taɓa shiga gidan da aka fitar da mai shi, kuma da ita aka cike kujerun Yahudawa a makarantu da asibitoci da kotunan Faransa baki ɗaya ba tare da an sami cikas ba. Ni matsayina a tsakiya yake, inda yawancin Faransawan wancan lokaci suke: bai sayar da kowa ba, bai kuma sa kansa cikin haɗari don kowa ba. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da shi gwarzon turjiya saboda wata shida ko bakwai da ya yi a Görlitz, alhali shi kansa bai taɓa cewa kiɗan nan na turjiya ne ba.

Ɗan Kamba ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Malam, Baba da Inna Hajiya. Yanzu na san abin da zan rubuta a aikin da aka ba mu, kuma zan kawo ra'ayoyin biyu game da kujerar yadda kowannenku ya faɗa. Saura abu ɗaya, Baba na Zuru: tunda na gwada saurara daga farko na kasa, ta wane sashe ya kamata in shiga?

Dattijon Zuru ya rubuta:

Ɗana, ka fara da sashe na biyar, na selo da fiyano, domin a nan akwai doguwar waƙa da kunne zai iya bi, kuma za ka ji yadda fiyano yake maimaita sauti a ƙarƙashinta ba tare da ya zama bugun rawa ba. Daga nan ka koma na huɗu, wanda shi ne mafi gajarta kuma mafi sauƙi, har yana da ɗan raha. Sannan ka ɗauki na shida, inda duka huɗun suke kaɗa layi ɗaya tare da ƙarfi, ka gwada tafa hannu da shi, a nan za ka gane da jikinka abin da na ce game da ƙarin guntun sauti. Na uku kada ka saurare shi da lasifikar waya, ka nemi abin sawa a kunne, domin kilarinet tana fara wasu sautukan daga ƙasa ƙwarai ta yi ta ƙaruwa har ta cika ɗaki, kuma waya tana yanke rabin farko. Na farko da ka fara da shi ka bar shi sai ƙarshe. Idan ka nemi hoton bidiyo, za ka iya samun wanda aka ɗauka a Zgorzelec, domin an gina cibiyar tunawa a filin tsohon sansanin, kuma duk ranar 15 ga Janairu ana kaɗa aikin a wurin.